Kuɗin da Ya Mutu a Ko'ina Sai a Rumfar Kaka

Kaka ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar haƙar citta. Kafin la'asar gidanmu na Kafanchan ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a bakin hanya. Matan zumuntar coci ne suka fara isowa da ɗankwalinsu iri ɗaya, suka zauna a tsakar gida suna waƙa a hankali da harshenmu na gida, can kuma su juya ta Hausa saboda baƙi. Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi jinyarta wata uku, ta daure ba ta yi kuka ba sai da ta ga an fito da mudun Kaka daga ɗaki ana neman inda za a ajiye shi. Nan ta zube ƙasa, aka kama ta.

Kowa da abin da ya zo da shi a baki. Wata Bafulatana mai tallan nono, wadda suka fi shekara ashirin suna ciniki, ta tsaya daga ƙofa ta ce, "Tsohuwar nan ta sha zagina wai na zuba ruwa a nono. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa rage mini mudu ba." Wani tsohon ma'aikacin reluwe ya ce ta taɓa mayar masa da sule a gaban mutane, wai ƙararsa ba ta yi mata ba, ya yi fushi ya kai banki, ashe jabu ne. Fasto ya ce daga yau babu mai gyara masa waƙa daga benci na uku idan ya ɗauko ta da sama. Baba Ƙarami, autan Kaka, wanda ke aikin akawu a Kaduna, ya iso da yamma, ya zauna a kan kujerarta.

Ni kuwa ina ta kai ruwa ina jera kujeru, amma idona yana kan ƙofa. Akwai mace ɗaya da nake tsoron zuwanta, kuma ita ce dai nake tsoron kada ta ƙi zuwa. Shekara takwas rabon da in haɗa ido da ita. Na ci mata mutunci a tsakiyar kasuwa, a rumfar Kaka, ban taɓa ba ta haƙuri ba, ga shi Kaka ta tafi ban gyara ba. Ranar Talata ba ta zo ba. Laraba da Alhamis ma haka.

A ƙasan akwatin Kaka akwai wani gwangwanin biskit, cikinsa takardun kuɗi ne da babu inda za a karɓe su a duniya. Wata rana jikokinmu za su buɗe shi, su yi dariya, su ba yara su yi wasa. Domin su nake wannan rubutu, don su san wace ce ta ajiye su, kuma a kan nawa ta saye su.

Kaka mutuniyar Fadan Kagoma ce. Bayan mijinta ya rasu ta biyo babban ɗanta, mahaifina, zuwa Kafanchan, inda yake lebura a reluwe. Shi ma bai daɗe ba ya rasu ina ƙarama, mahaifiyata ta yi wani aure a Zonkwa, aka bar ni a hannun Kaka. Da mudu ta rene ni, da shi ta kai ni har makarantar horar da malamai. Rumfarta tana gefen kasuwa ta wajen hanyar tasha, tana sayar da acca da dawa da wake, lokacin citta kuma ta taɓa citta. Duk kasuwa Mama Mai Acca ake ce mata. Gajeruwa ce, muryarta ta fi jikinta, kuma a kasuwa ta koyi Hausa, don haka kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji, fasto ko akuya. Tun ranar da na shiga makarantar malamai ta daina kiran sunana, sai "Malama", kuma yadda take jan kalmar ka san ba yabo ba ne duka.

Tana da tambaya ɗaya da ta ishi kowa: "Wa ya ce?" A ce mata za a yi ruwa, wa ya ce? A ce hatsi ya tashi a Kachia, wa ya ce? Ba gardama take nema ba. So take ta san bakin da maganar ta fito, ta auna shi.

A kan kuɗi kuwa, ban taɓa ganin wanda bai yi boko ba ya san shi kamar Kaka. Takan ce ita ta binne kuɗi da yawa, kuma duk tana nan a ranar jana'izarsu. Tana yarinya ta ga wuri a tukunyar mahaifiyarta, an daina karɓarsa, aka bar wa yara. Ta yi ciniki da anini da kwabo mai huji, wanda take shiryawa a zare ta ɗaura a ƙugu. Ta ci zamanin da kuɗinmu ɗaya ne da na mutanen Gana da Saliyo, ta ga ranar da aka raba, kowa ya buga nasa. Ana cikin yaƙin basasa kuma aka wayi gari an ce an sake takardun fam, ta yi yini guda a layin banki tana zagin wanda ya ƙirƙiro kuɗin takarda. Sulalla ta fi yarda da su. Tana da wani dutse a gefen daro, duk sulen da ba ta gamsu da shi ba sai ta buga a kai ta kasa kunne. Takarda kuwa sai ta ɗaga ta a rana, ta juya gaba da baya, mai saye yana tsaye yana jira.

Lokacin da aka tura Baba Ƙarami kwas Ingila, ya aiko mata da 'yan fam ta gidan waya. Na raka ta karɓa. Da aka ƙirga mata, sai ta ga bai kai abin da aka rubuta ba.

"Wa ya ci sauran?" ta tambayi akawun.

Ya yi mata bayani cewa Turawa sun rage darajar fam ɗinsu, mu kuma ba mu rage namu ba, don haka fam na Ingila bai kai na Nijeriya ba yanzu. Ta sa ya maimaita. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai na ga tana murmushi. Har muka isa gida tana faɗa wa duk wanda muka gamu da shi, "Ka ji? Ashe kuɗin Bature ma yana ramewa."

Mijin Bafulatanar nan ya taɓa dawowa daga Kamaru da sefa, kuɗin can, ya zo sayen dawa da ita. Kaka ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa, ta aika tashar mota a tambayo wani ɗan kasuwa mai zuwa bakin iyaka nawa ake canzar da ita a makon nan. Ba ta auna masa ko tsaba ɗaya ba sai da amsa ta dawo bayan azahar. Da naira ta zo daga baya, aka ce fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma, ta tsare ni da ido kamar ni na yi dokar.

"Malama, tun ina budurwa sule kwabo sha biyu ne. Yanzu ka ce goma. Biyun nan ya je ina?"

Na yi bayani har na gaji. Ta ce ta ji, amma har ta mutu da sule take faɗin farashi, mai saye ya juya da kansa.

Na jero waɗannan ne don kada wani ya ce tsufa ne ko rashin sani ya sa ta yi abin da zan faɗa.

Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ake kira Maman 'Yan Biyu. Mijinta makaniki ne a loko, inda ake gyaran kan jirgi, suna zaune a kwatas na reluwe. Tagwaye maza ta haifa, kuma tun suna jarirai rumfar Kaka ce wurin hutawarta. Idan tana ba ɗaya nono, ɗayan yana bayan Kaka, Kaka tana awo da shi a goye. Shekarar da aka yi tashin hankali, Ibo suka bar Arewa, Kaka ce ta ɗauki ƙunshin kayanta har tasha, ta cusa mata acca a cikin zane, ta tsaya har jirgin ya ɓace.

Bayan yaƙi ya ƙare, da ruwan farko, wata Asabar, sai ga ta a kasuwa. Ni a lokacin na fara koyarwa a firamare, ranar Asabar nake taya Kaka zama. Da ƙyar na gane ta. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu, tana riƙe da hannun yaro ɗaya. Mijin babu, ɗayan yaron babu, kuma ba sai an tambaya ba. Matan kasuwa suka rasa da wane suna za su gaishe ta, wasu suka fara cewa "Maman yaro". Kaka ta miƙe daga bayan daro ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maman 'Yan Biyu, ka dawo?"

Suka rungume juna, suka daɗe a haka. Da suka zauna, Kaka ta jawo buhu ta fara zuba acca a cikin wani ƙyalle ba tare da awo ba. Matar ta riƙe mata hannu.

"A'a, Mama. Ni ban zo roƙo ba. Ina da kuɗi."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda ta ajiye a kan faifai. Fam ɗaya ne na Biyafara, da hoton itacen manja, rana tana fitowa ta bayansa. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake ciki. Kuɗin ya mutu tare da ƙasar da ta buga shi. Waɗanda suka kai nasu banki bayan yaƙi, fam ashirin aka ba su ko nawa mutum ya kai, ita kuwa ko wannan ba ta samu ba, domin tana can ƙauye tana jinyar yaron da ya rage mata har aka rufe karɓa. Mai manja da ke kusa da mu ta kau da kai.

Kaka ta ɗauki takardar. Ba ta ɗaga ta a rana ba, ba ta juya ta ba. Ta sa ta a cikin lalitarta tare da sauran kuɗin ciniki ta ce, "Me ka ke so?"

Ta auna mata acca da wake a kan farashin ranar, mudu a cike har yana zuba, ta ƙara gyara kamar yadda take yi wa kowa. Sai ta zazzage sulalla a cinya ta ƙirgo canji, sule masu rai na Nijeriya, ta zuba mata a tafin hannu. Maman 'Yan Biyu ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ya cika." Har ta yi ƙorafin cewa waken ya yi tsada, Kaka ta ce in ba ta so ta je gaba. Suka rabu kamar kowane mai saye da mai sayarwa.

Haka aka ci gaba. Asabar ɗaya ta zo, ɗaya ta tsallake, kullum da fam ɗaya. A duk faɗin ƙasar nan, rumfar Kaka ce kaɗai wurin da fam na Biyafara yake daidai da fam na Nijeriya. Da canjin nan take sayen kananzir da maganin yaron, da shi kuma take tara abin da za ta fara sana'a, amma wannan ban san shi ba sai daga baya.

Ni abin ya tsaya mini a wuya. Ɗakinmu yana yoyo, muna tara ruwa da kwanoni uku. Albashina na farko gaba ɗaya na ba Kaka ta ƙara jari, ina gani ana auna shi ana ba da shi a kan takardar banza, har da canji a kai. Ga shi ni lissafi nake koyarwa, kuma a lokacin ina jin kaina. Na same ta a gida na ce, "Kaka, kuɗin nan fa ba ya aiki."

"Wa ya ce?"

"Gwamnati."

"Gwamnati yana sayar da acca a rumfana?"

Na ce in taimako take so ta yi, ta ba ta hatsi kawai, ai ya fi sauƙi a kan wannan wasan yara. Ta ce in miƙo mata tsintsiya.

Wajen ƙarshen damina, wata Asabar, motar hatsi ta iso daga Zonkwa, Kaka ta tafi duba buhunanta ta bar ni a rumfa. Sai ga Maman 'Yan Biyu. Ta gaishe ni, ta faɗi abin da take so, na auna, ta juye a kwanonta, ta ajiye fam ɗinta a kan faifai. Na dubi takardar, na tuna kwanonin da ke tsakar ɗakinmu. Na sa yatsa ɗaya na tura mata ita, kuma ban rage murya ba.

"Mama, wannan kuɗi ya mutu. Ko gyaɗa ba zai saya ba, kowa ya sani. In taimako kike so, ki faɗa, a ba ki saboda Allah."

Duk layinmu aka waiwayo. Ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushi ta yi da ya fi mini. Ta ɗauki takardar ta ninka ta huɗu, ta ɗaure a bakin zane. Ta juye accar a cikin daro, ta kaɗe kwanon har ƙwayar ƙarshe.

"Gaskiya ne, Malama," ta ce. Ta juya ta tafi.

Da na waiwaya, Kaka tana tsaye a bayana, ɗan dako yana gefenta da buhu a ka. Ta ji komai. Ta rufe daro da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba ranar Asabar, muka koma gida tana gaba ina baya.

Idan magana ta kai magana, Kaka takan ajiye Hausa ta koma harshenmu. Da shi ta yi mini magana ranar nan, tana zaune a bakin ƙofa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Kin ɗauka ban san ya mutu ba? Ni da na binne wuri, na binne anini? Ita ma ta sani. Matar nan ta rasa miji, ta rasa ɗa, ta rasa gida, ta rasa ƙasar da aka ce mata tata ce. Abu ɗaya ya rage mata, ta shigo kasuwa ta tsaya da ƙafarta, ta saya kamar kowa, ta yi ƙorafin tsada, a ba ta canji. Wannan nake sayar mata, ba acca ba. Shi kika karɓe yau, da yatsa ɗaya."

Na fara kuka. Ta ce in ajiye kukan, ba ita na yi wa laifi ba.

"Gobe bayan sujada ki je wurinta. Kada ki kai mata komai, ko ƙwayar wake. Bakinki kawai za ki kai."

Na je. Ɗaki ɗaya take haya a bayan kasuwa. Na tsaya a ƙofar gidan, ina jin ƙarar dutsen niƙa daga ciki, tana waƙar coci da harshensu a hankali. Ƙafata ta ƙi shiga. Kunya ce, amma har da girman kai, domin wani ɓangare na zuciyata yana ta ce mini ai gaskiya na faɗa. Na juyo gida na ce wa Kaka ban same ta ba. Kaka ta dube ni, na jira ta ce "Wa ya ce?", ba ta ce ba. Ta ci gaba da tsince wakenta. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar nan ba.

Kafin Kirsimeti Maman 'Yan Biyu ta koma Kachia, ta kafa kaskon ƙosai a tashar mota. Daga ƙosai ta koma shinkafa, daga nan ta buɗe shago. Idan cinikin citta ya kai Kaka Kachia takan sauka a wurinta, su yi hira, ta dawo mini da gaisuwa, in amsa kaina a ƙasa. Amma matar ba ta sake tsayawa a gaban rumfar Kaka ta sayi komai ba. Ni kuma sau nawa na ratsa Kachia a mota, in mun zo tasha sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a jaka.

Da shagon ya kafu, ta aiko ɗanta da kuɗi a ambulan, wai a ba ta takardunta ta mayar da masu rai. Kaka ta ba yaron abinci, ta mayar masa da ambulan ɗin ko buɗewa ba ta yi ba.

"Ka gaya wa mamanka ni ba ɗan canji ba ne. Kaya na sayar, an biya ni. Ciniki ya ƙare."

Baba Ƙarami ma ya taɓa ganin gwangwanin ya ce a ƙone takardun, kada wata rana su jawo tambaya. Ta karɓe daga hannunsa ta ce kuɗinta ne, in yana son ƙona kuɗi ya fara da albashinsa. Makon da naira ta fito kuma, ta ɗauko gwangwanin ta buɗe a gabana. Ta shimfiɗa takardun lafiya lau, ta danne da wani ƙaramin dutse don kada su nannaɗe.

"Malama, fam ɗaya naira nawa ka ce?"

"Biyu, Kaka."

"To. Waɗannan ma haka."

Ta rufe ta mayar. Wannan ne kaɗai lokacin da ta taɓo maganar, sai kuma a ciwonta na ƙarshe. Ina shafa mata man zafi a ƙafa, idonta a rufe, sai na ji ta ce, "Ka je?" Ban yi kamar ban gane ba. Na ce zan je idan an ba da hutun makaranta. Ta ce, "To." Ba ta kai hutun ba.

Ranar Juma'a muka kai ta Fadan Kagoma, aka binne ta kusa da mijinta. A wurinmu, bayan an dawo daga kabari, akan zauna a rumfar ganye, masu gaisuwa su zo ɗaya bayan ɗaya su ajiye gudummawarsu, wani daga cikin dangi ya faɗa da ƙarfi, matan gida su amsa da godiya. Ni aka ba wannan aiki, tunda ni ce malama. Goggo ta ce ba za a sa faranti ba, ta kawo mudun Kaka ta ajiye a kan tebur a gabana. Baba Ƙarami yana zaune a damana.

An yi nisa, muryata ta fara dishewa, sai na ɗaga kai na gan ta a layi. Ta yi ƙiba, ta yi furfura a gaban goshi, tana sanye da baƙin zane. Daga baya na ji cewa tun safe ɗanta ya sauke buhun shinkafa da garwar mai a wurin masu girki ta bayan gida, ya ce kada a faɗa. Ita kuwa ta bi layi kamar kowa. Mutum biyar ne tsakaninmu, sai huɗu, sai uku.

Da ta iso ba ta gaishe ni ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da takarda ninki huɗu, ta warware ta a hankali don kada ta yage, ta sa a cikin mudun. Itacen manja da rana a bayansa. Ita ce. Wadda na tura da yatsa.

Baba Ƙarami ya matso ya raɗa mini, "Ki ajiye shi gefe, ki ce an gode kawai."

Na miƙe tsaye. Ban san inda na samo muryar ba.

"Maman 'Yan Biyu, daga Kachia. Fam ɗaya."

Wani dattijon ikilisiya da kunnensa ya yi nauyi ya ce daga baya, "Fam kuma? Nawa ke nan a kuɗin yanzu?"

"Naira biyu, Baba," na ce.

Daga cikin matan gida Goggo ce ta fara amsawa ita kaɗai, "Mun gode, Allah ya saka." Sauran suka bi ta.

Na ɗauka shi ke nan. Na buɗe baki in ce mata abin da na yi shekara takwas ina ɗauke da shi, amma ba ta ba ni dama ba, kuma ba ta matsa daga gaban tebur ba. Ta miƙo tafin hannunta.

"Malama, sule goma ne gaisuwana. Ba ni canji."

Sai a nan na gane abin da ta zo yi. Ba haƙurina ta zo karɓa ba. Cinikin da na katse ta kawo mini in ƙarasa. Ban taɓa kuɗin cikin mudu ba. Na buɗe jakata na zazzage a kan tebur, na tsinci sulalla 'yan kwabo goma-goma, waɗanda Kaka ba ta taɓa daina kira sule ba. Bakwai na samu. Ina ta lalube hawaye ya hana ni gani, sai Goggo ta taso ta kwance zanenta ta ajiye uku a gefen nawa, ta koma ta zauna. Na tattara su na zuba mata a hannu da hannuna biyu.

Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba, layi yana jira a bayanta. Ta ɗaure su a bakin zane, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ya cika," ta ce.

Takardar tana cikin gwangwani yanzu tare da 'yan uwanta, a ƙarƙashin dutsen Kaka. Ubangiji ya ba Mama Mai Acca hutawa. Ranar da mu ma za mu tsaya a gabansa da abin da ke hannunmu, ya karɓe mu yadda ta karɓi fam ɗin nan, ba tare da ya ɗaga mu a rana ba.